Minti Huɗun da Ya Saba Ci

Koci, ajiye usur ɗin nan ka zo ka zauna. Ɗazu ina bakin fili na ji kana ce wa 'yan wasanka duk wanda aka shafa ya zube, sauran su yi wa alƙalin wasa caa. Shekara ashirin na yi ina alƙalancin ƙwallo. Bari in ba ka misali ɗaya, in ka ji sai ka yi yadda ka ga dama.

An yi wani ɗan wasan gaba a wata babbar ƙungiya. Ƙafa kam Allah ya ba shi, amma abin da ya fi ƙwarewa a kai shi ne faɗuwa. Iska in ta kaɗa rigarsa sai ya yi birgima uku, ya dafe ƙauri, yana ihu kamar ana yanka shi. Da an ba abokin karawa jan kati, ko an ba su fanareti, sai ka ga gogan naka ya miƙe garau yana gyara safa. Kuma bai bar abin haka ba, tsari ya yi masa. Ya ce wa abokan wasansa da zarar ya faɗi kada wanda ya tsaya a kansa, su ruga su kewaye alƙali, su cika masa kunne har ya manta abin da idonsa ya gani. Ka dai san likita ba ya shiga fili sai alƙali ya yafito shi. To muddin alƙali na tsakiyar ƙarti tara yana kare kansa, agogo tafiya yake yi. Shi kuwa likitan ƙungiyar, dattijon da ya saba sheƙawa da jakarsa tun yana saurayi, sai da mutumin nan ya zaunar da shi ya koya masa tafiyar hawainiya. In suna kan gaba, ya tsaya ɗaure igiyar takalmi, ya yi kamar ya manta gorar ruwa ya koma ɗaukowa. Ɗan wasan ya ce kowace faɗuwa tasa minti huɗu take ci, kada a rage masa ko daƙiƙa ɗaya. Dattijo ya yi ta gunaguni, amma yau da gobe ƙafarsa ta saba.

Ranar wasan ƙarshe na cin kofi, da la'asar, fili ya cika maƙil, suna gaba da ci ɗaya, saura minti biyar a tashi. Gogan naka ya yi tsalle tare da wani mai tsaron bayan abokan karawa, kafaɗar wancan ta daki ƙirjinsa, ya sauko ya yi taku biyu ya kife. Ba birgima, ba ihu, ba dafe ƙauri. Ashe zuciyarsa ce ta tsaya. Innalillahi! Amma wa zai sani? Abokansa suka wuce shi a guje, ɗaya har da tsallake ƙafafunsa, suka yi wa alƙali zobe suna neman jan kati. Magoya bayansu suna tafi, wai yau gwani ya zo da sabon salo. Na ɗaya ɓangaren suna ihu, "Tashi, maƙaryaci!" Alƙalin kuwa, mutumin nan ya taɓa yaudararsa ya ba da fanaretin ƙarya har aka dakatar da shi daga alƙalanci na wasa uku, don haka ya rantse yau ba za a mai da shi sakarai ba. Ko waiwaye bai yi ba, yana ta musu da masu yi masa hayaniya. Likita yana bakin layi a durƙushe, yana ɗaure igiyar takalmin da ba ta kwance ba.

Ka san wa ya fara ganewa? Mai tsaron bayan nan, da ya zo a fusace zai ɗaga shi don a ci gaba da wasa. Yana juya shi ya ga ido ya kafe, leɓe ya yi baƙi. Ƙato guda ya kurma ihu, ya ɗora hannu a ka yana kuka. Sannan fa dattijo ya yar da gora ya sheƙa. Aka yi ta danna ƙirji, aka kawo na'urar farfaɗo da zuciya, zuciya ta dawo, amma ta dawo a makare. A asibiti aka ce da an iso gare shi da wuri da ya fita da ƙafarsa, don ƙwaƙwalwa ba ta jure rashin jini. Da aka koma aka duba bidiyon wasan, daga faɗuwarsa zuwa lokacin da hannun likita ya taɓa shi, minti huɗu ne cif. Ba a rage masa ko daƙiƙa ɗaya ba.

An ƙarasa wasan bayan mako guda, kuma sun ɗauki kofi. Aka kai wa ɗan wasan har gida aka ɗora masa a cinya yana kan keken guragu, hannunsa ya kasa riƙewa, sai matarsa ce ta tallafe. Dattijon bai sake ɗaukar jakar magani ba. Mutumin da yake faɗuwa in ya so, ya tashi in ya so, yau sai mutum biyu sun kama shi kafin ya miƙe.

To koci, gobe in ɗaya daga cikin 'ya'yan mutanen nan da aka ba ka amana ya kife a kan ciyawa, da me za ka gane faɗuwar gaske ce ko ta ƙarya? Hausawa sun riga sun faɗa: in za ka gina ramin mugunta, gina shi gajere.