Edith Ta Ƙi Tashi

Ni da Edith muna cin gasasshen kifi a Sabon Gari kafin a fara wasan kiɗa, sai ga Aaron, wan Edith, tsaye a kanmu. A gida ta ce koyon waƙar coci za ta.

"Wannan bakaniken ne malamin waƙar?" ya ce. "Tashi mu koma Samaru, ko Baba ya ji yau."

"Yaya, ga kujera," na ce.

Edith ta dube ni, ta dubi ƙofa. Sai ta gutsuro kifi ta sa min a baki a gaban kowa.

"Ka gaya wa Baba, Yaya. Sunansa Cindo, ranar Lahadi zai zo gaisuwa."

Ni ma a lokacin na ji labarin.