Auduga a Tanderu

Allurar mitar auna lantarki ta motsa, ta haura, ta tsaya inda ba ta taɓa kaiwa ba. Injiniya ta dube ta kamar mai kallon bango.

Abin da ke tsakanin wayoyin mitar biyu wani ɗan baƙin soso ne na gawayi, mara nauyi, cikinsa duk ƙofofi. Auduga ake gasawa a rufaffen tanderu har ta koma haka. Shi kuwa lantarki ɗan gata ne, ba ya tsallake rami. Sai zare ya riƙe zare daga wannan gefe zuwa wancan yake yarda ya bi. Audugar da ake sayo musu a ɗakin gwajin gajeren zare gare ta: waje kyan gani, ciki duk a tsinke.

Farfesa, shugaban sashen, ya riga ya yanke magana. Idan wannan gwajin ma ya faɗi, a rufe aikin, kowa ya kama gabansa. Sauran suna da wurin zuwa. Ita gida za ta koma ta zauna, abin da ba za ta iya ba ke nan. Shi ya sa ta katse hutunta ta dawo, mijinta yana cewa ta bari ta ƙara jin ƙarfi.

Abokan aiki da suka saba tsokanarta da “Uwar Gawayi” sun daina. Sai gaisuwa, kowa ya sunkuya kan teburinsa.

Farfesa ya zo ya sake aunawa da kansa, ya ɗora soson a tafin hannu yana jujjuyawa.

“Ikon Allah. Zaren dogo ne, kuma ya sarƙe da juna. Wa ya gyara wannan audugar?”

“Mahaifiyata ce, ranka ya daɗe. Da hannu ta tsefe ta, a hankali.”

“To aiki ya tsira. A samo mana irinta da yawa, mu maimaita.”

“Babu saura.”

“Kamar yaya babu saura?”

Ƙirjinta ya yi nauyi, ta ja farar rigar aiki ta rufe. Ta laluba ranta ko za ta sami murna, ko baƙin ciki ma, ba ta tarar da komai ba. Ta kashe mita, ta amsa masa da muryar da take karanta sakamako.

“Katifar jariri ba ta da girma, Farfesa. Da na ga mai ita bai zo da rai ba, zubi ɗaya na yi wa audugarta a tanderu.”