Kafin Idonsu Ya Buɗe

Shiru-shiru ake kiranta a layin shagunan, don mai ɗinkin nan tana iya wuni a kan keke ba a ji muryarta ba. Shagon na yayanta ne, keken ma nasa ne. Ita dai aikin hannunta take ci. Wata safiya ta janyo kwalin ƙyallaye daga ƙarƙashin teburin yanka, sai ta tarar kyanwar da take zuba wa ragowar abinci ta haihu a ciki. 'Ya'ya huɗu, idanu a rufe, kowanne bai fi dunƙulen zare girma ba.

Kafin rana ta take, labari ya kai kunnen mai hatsi, dattijon da ke shago na gaba, wanda ɓeraye suka hana buhunansa sakat. Ya shigo tare da yayan nata.

"Biyu zan ɗauka," in ji shi. "Ɗaya a shago, ɗaya a ɗakin ajiya."

"Baba, ai ko ido ba su buɗe ba," ta faɗa a hankali.

"Yauwa, shi ya sa! Kyanwa in ta buɗe ido a wurinka, kai kaɗai ta sani. Ka bari ta yi wayo a wani wuri, ka ɗauko wa kanka 'yar yawo, kullum sai ta gudu."

Yayanta ya kwashe da dariya. "Ɗauki abinka, Baba. Wannan ƙanwar tawa ko ɓera ne ya shigo mata, gaishe shi za ta yi."

Ta sunkuyar da kai. Tana kallo mai hatsin ya zuba biyu a kwanon awo ya fita.

Da uwar ta dawo, ta shinshina biyun da suka rage, ta tona ƙyallaye har ƙasan kwali, sannan ta fara kuka. Ta leƙa bayan teburi, ta fita ƙofa, ta dawo, ta sake fita. Shiru-shiru ta riƙa taka keke da ƙarfi don kada ta ji. Ranar sai da ta ɗinka hannun riga a baibai.

Kukan bai tsaya ba, har muryar kyanwar ta dishe. Da abin ya ishi mai ɗinki, ta ajiye almakashi ta shiga shagon mai hatsi. A kan siminti ta sami 'ya'yan biyu, kusa da murfin gwangwani mai madara da ƙudaje suka rufe. Ɗayan ya riga ya sandare. Ɗayan kuwa cikinsa ya kumbura, madarar da aka ɗura masa da cokali tana fitowa ta hanci.

Ta naɗe shi a mayafinta ta ruga da shi. Uwar ta karɓe shi, ta lasa, ta lasa, ta tura shi jikin nono. Bai iya kamawa ba. A nan ya mutu, tana ta lasarsa.

Ba a jima ba sai ga mai hatsi da yayanta, da kwanon awo a hannu.

"Waɗancan ba su da ƙwari," in ji dattijon. "Miƙo min sauran in gwada."

Ta ja kujerarta ta dasa a gaban kwalin, ta zauna.

"Babu inda za su."

"Me kika ce?" Yayanta ya waro ido.

"Na ce babu inda za su, Yaya."

"Ikon Allah!" Mai hatsi ya riƙe baki. "Ashe tana magana!"

"Ina magana, Baba, makara kawai na yi. Ba ƙwari suka rasa ba, uwa suka rasa. Wa ya ɗumama su a kan simintin nan? Wa ya lashe musu ciki suka yi fitsari? Kai, da cokalinka? Ka bari su bar nono, su ci abinci da bakinsu, su koyi farauta a wurinta. Ni da ƙafata zan kawo maka."

"Kafin nan ai ɓeraye sun cinye ni har takalmi, 'yar nan."

"Ɗan da ko tsotso bai iya ba ne zai kama maka ɓera?"

Maƙwabta sun fara leƙowa. Fuskar yayanta ta canza.

"Saboda mage za ki kunyata ni a gaban dattijo? Na riga na yi masa alkawari. Ko ki matsa, ko ki ajiye min makullin shagona."

Ba ta tashi da sauri ba. Ta ciro makullin daga jakarta ta ɗora a kan keken, kusa da rigar da allura ke tsaye a tsakiyarta. Ta sunkuya ta rungumi kwalin a ƙirji.

"Ga makullinka, Yaya. Shago naka ne. Waɗannan kuwa nata ne."

Ta ratsa ta tsakiyarsu ta fita, uwar tana biye da ita, tana goga jiki a ƙafarta.

"Yunwa za ta dawo da ke!" yayan nata ya ɗaga murya. Ba ta waiwaya ba.

Yayanta bai sauko ba. Wata ya ɗauka ya ba keken. Masu kawo mata ɗinki suka bi keke, ba su bi ta ba. Yanzu a ɗakinta take zama tana facin tsofaffin kaya da allurar hannu, abin da take samu da kyar yake kai ta yamma. Da aka ce ta je ta ba shi haƙuri, cewa ta yi akwai haƙurin da ya kamata ta bayar, amma masu shi biyu ne, kuma sun mutu.

Jama'a, ɗan kyanwa ba kaya ba ne da za a ɗauka ranar da aka ga dama. Kada mu raba shi da uwarsa sai ya bar nono ya iya ci da kansa; in kuma a gabanmu za a yi, mu buɗe baki tun a karon farko.