Fuskar Mashkura a Kalandar Makaranta

Shekara uku Mashkura tana zuwa ta ɗaya a ajinsu, ba wanda ya taɓa tsayawa yana nazarin fuskarta. Ɗiyar Malam Sale ce, manomin albasa a Kagara. Don karatu ya kawo ta Goronyo wurin ƙanwarsa, Gwaggo Suwaiba, ya sa ta wata makarantar kuɗi. Baƙa ce wuluk kamar ubanta, kuma abin bai taɓa damun ta ba. Burinta ɗaya ne: ta ci jarrabawar fita sakandare, ta karanci aikin jinya.

Ana nan sai mai makarantar ya ce a buga kalanda da hotunan ɗaliban da suka yi fice, a raba wa iyaye don a jawo sababbin yara. Ya ce wa mai hoto ya ɗan gyara yarinyar tsakiya, wato Mashkura, tunda ita za a fi gani.

Gyara kuwa an yi shi. Da kalanda ta iso, ga sunan Mashkura Sale da manyan baƙaƙe, amma yarinyar da ke saman sunan fara ce tas, har hanci an ja mata. Malam Sale ya shigo gari ranar kasuwa, aka miƙa masa. Ya duba, ya sake dubawa.

"To ina ɗiyata?" in ji shi. "Ko ba su sa ta ba?"

Gwaggo Suwaiba ta yi dariya har da tafi. "Ga ta nan gabanka, Yaya! Ka ga yadda sunka fiddo ta? Ashe da kyawonta, baƙin ga ya ɓoye shi."

A gaban yarinyar ta faɗi haka. Mashkura tana durƙushe da kwanon ruwa a hannu.

A makaranta abin ya zama wasa. 'Yan aji suka raba ta biyu, wai akwai Mashkurar kalanda, akwai Mashkurar gawayi. Abin ƙyamar ma, har wata malama, uwar 'ya'ya, takan tambaya wajen kiran suna, "Wacce ce ta zo yau a cikinsu?" Aji ya kwashe da dariya, ita ma ta dara.

Gwaggo ta samo maganin abin a wata kwalba marar suna, haɗin wata mata a unguwa. "Ƙwaƙwalwa kina da ita, saura fata," ta ce. "Mi takarda za ta yi miki in ba a dubi fuskarki ba? Shafa safe da marece."

Mashkura ta shafa. Mako biyu fuska ta fara haske, Gwaggo tana kiran maƙwabta su zo su gani, kamar mai tallar atamfa. A mako na shida kumatu suka ƙone, suka yi jajur, goshi ya yi dabbare-dabbare. Yarinya ta sa niƙabi, mutane suka ce ta ƙara riƙon addini. Ta daina cin abinci cikin mutane, ta daina ɗaga hannu a aji. Littafi yana buɗe a gabanta, ita kuwa tunaninta yana kan madubi.

A gwajin zango ta zo ta bakwai. Mai makarantar, wanda shi ya fara wannan aika-aika, bai kira ta ofis ya ji mene ne ba. Gaban taron ɗalibai ya tsayar da ita.

"Mun sa ki kalanda, gari duka ya gani, kin zo kin ba mu kunya!"

Bayan kwana tara aka zo ɗaukar hoton rajistar jarrabawar fita. Dole kowa ya buɗe fuska. Layi ya kawo kan Mashkura, 'yan aji sun yi cirko-cirko a bayanta suna jira su gani.

"Ɗaga niƙabin, 'yammata," in ji mai hoto.

Ta kai hannu kan niƙabin. Sai kawai ta fashe da wani irin kuka, ta fita da gudu, takalmi ɗaya a ƙafa. Ba ta sake taka makarantar ba. Aka rufe rajista babu sunanta.

Gwaggo ta ce sammu ne, wai 'yan baƙin ciki sun ga yarinya ta yi fice. Mai makaranta ya ce dama yaran ƙauye ba su jure gasa. Ba wanda ya ce shi ne a cikinsu.

Malam Sale ya kai ta asibiti. Likita ta ce fatar za ta warke cikin watanni, amma ciwon da ke ranta sai an daɗe ana jinya. Ya ɗauko ta zuwa Kagara a bayan babur. A hanya ya ce, "Mashkura, baɗi ki koma ki rubuta, kin ji?"

Ta gyara niƙabinta. Sannan ta ce, "Baba, kada ka sake kai ni inda za a dube ni."

Jama'a, mu ji tsoron Allah a kan 'ya'yanmu. Yaro ba allon talla ba ne, kuma launin da Allah ya yi masa ba aibi ba ne da za a gyara. Maganar da muke yi muna dariya, ita ke karya yaron da jarrabawa ba ta taɓa kayarwa ba.