Takardar Korar Jun

Lokacin kullen korona, ta bidiyo muke taron 'yan sikawut na unguwar Setapak. A nan aka lura abokina Jun yana rufe baki duk sanda rantsuwarmu ta zo kan sunan Allah. Da aka tambaye shi, ya ce bai yi imani ba. Iyaye suka rubuta takardar korarsa, aka zuro ta ƙarƙashin ƙofarmu don Baba ya sa hannu.

Bayan la'asar na kai wa Baba, yana kan sallaya. Ya karanta, ya mayar min da biron.

"Yaron da ya ƙi rantsuwa kan ƙarya za ku kora? Shiriya ta Allah ce. Ba da hannuna ba."

Yau rajistar ƙungiyar tana hannuna, kuma ba wanda zai sa ni goge sunan ɗan kowa.