Jibiya zuwa Maraɗi ta Sama

A filin jirgin Katsina na'urar bincike ta fara yi wa Malam Dalhatu ƙara. Ya ciro wani ƙaton makulli daga aljihu, ya ɗora a tire, ya wuce, ya sake ɗaukar abinsa.

'Yarsa Mutmainna ce ta haihu a Maraɗi, ɗa namiji. Mijinta Zubair ya aiko cewa in kakan jariri ya zo da ƙafarsa ranar suna, sunansa za a sa wa yaron. In bai zo ba, akwai kakan wajen uba, ga shi nan zaune yana jira. Dalhatu kuwa shekara hamsin da biyu bai taɓa samun takwara ba, abin yana ci masa rai ƙwarai.

Daga Jibiya, inda Dalhatu yake aiki, zuwa Maraɗi tafiyar awa ɗaya ce a mota, amma a shekarar boda a rufe take. Kowa a garin ya san akwai hanyar daji, sai dai duk ɗan acaɓan da Dalhatu ya nufa sai ya tuna bai yi sallah ba, ya ja babur ya ɓace. Shi ma Dalhatun bai cika son zancen ba, kullum maganarsa doka doka ce.

Sai ya zauna da biro ya yi lissafi irin na masu ilimi. Katsina zuwa Abuja awa ɗaya. Abuja zuwa Lome awa ɗaya da rabi, Lome zuwa Yamai haka nan. Awa huɗu ke nan a sama, sauran kuma mota. Ya karanta wa matarsa Safiyatu awannin ɗaya bayan ɗaya, ya ce ita ta yi haƙuri ta zauna da ragon suna, tunda rago ba shi da fasfo. Ta ce Allah ya kiyaye hanya.

Abin da biro bai faɗa masa ba shi ne jira. A Abuja jirgi ya yi lattin kwana guda. A Lome aka ce sai jibi. A kowane fili makullin nan sai ya tara masa jama'a. Daga Yamai ya shiga bas, kilomita fiye da ɗari shida, gwiwarsa a jikin buhun albasar wani.

Ya isa Maraɗi ranar suna da la'asar, ƙafafu a kumbure. An raɗa suna tun da hantsi, yaro ya zama Badamasi, takwaran kakan wajen uba. A tsakar gida ya ga fatar rago a shanye, mai baƙin tabo a wuya, ya gane ta sarai. Kusa da ita ga Safiyatu a kan tabarma tana rabon soyayyen nama.

"Ke ta ina kika biyo?" in ji Dalhatu.

"Ta bakin ƙohwar boda mana, Malam. Ni da ragon, yau da sahe. Ƙohwar dai tana nan a kulle yadda ka bar ta, amma duk gari ta gehenta ake ratsewa. Yaranka masu gadin wurin ma sun ce in gaishe ka, wai tunda oga ya tahi da makulli, su ba su da abin tsarewa."