Direban da Aka Ce Ya Gudu

Tunda yau aka damƙa maka makullin mota, ɗana, zauna in ba ka wani misali. Murza sitiyari kowa ya iya. Abin da mutum zai yi bayan ƙarfe ya gamu da ƙarfe, nan ake gane direba.

Wani direban bas ne ya ɗauko mutane ranar kasuwa da hantsi. A gangaren wani tudu, daidai inda titi ya yi kwana, suka yi taho-mu-gama da wata a-kori-kura shaƙe da buhunan albasa. Allah ya taƙaita, ba a rasa rai ba, amma motocin suka gicciye a tsakiyar titi, ƙafar wata tsohuwa mai sayar da daddawa kuma ta maƙale ƙarƙashin kujerar bas. Kafin ka ce kwabo an yi cincirindo. Mai a-kori-kura na kumfar baki yana rantsuwa shi a hannunsa yake, masu jan tsohuwa na ja tana ihu, masu tsintar albasa na tsinta, ka dai san halin mutanenmu. Wani ya karyo reshe ya yar a gindin motocin, wai ya sa alama, irin alamar da sai ka riga ka afka za ka gan ta. Direban bas ya kashe inji, ya zare makulli, ya ce da masu ja, "Ku bar Iya yadda take, kar ku ƙarasa ƙafar." Sai ya kwasa a guje ya haura tudu, jini na bin goshinsa. Nan take aka ɗau ihu, ya gudu, matsoraci ya gudu! Har da masu raka shi da jifan albasa.

Shi kuwa abu ɗaya ne ya tsaya masa a rai: duk wanda ya taho daga bayan tudun nan ba ya ganin abin da ke ƙasa sai ya iso kansa, kuma babbar mota ba jaki ba ce da za a ce mata tsaya ta tsaya. Ga tsohuwa ba halin motsi, ga jama'a sun cika titi. Sai da ya wuce ƙolin tudun da nisa sannan ya faɗa wa wata darbejiya, yana karyo rassa yana jerawa a tsakiyar kwalta, ɗaya can, ɗaya nan, da tazara, har zuwa bakin kwana. Ya cire rigarsa ya tsaya a gefe yana kaɗawa. Ko numfashi bai gama mayarwa ba sai ga tankar mai ta danno, cike fal. Direbanta ya ga reshen farko ya ɗage ƙafa, ya ga na biyu ya fara taka birki, ya ga mutum ba riga yana kaɗa tsumma ya danne iya ƙarfinsa. Tanka ta gangaro tana huci, taya na hayaƙi, ta zo ta tsaya inda inuwarta ta rufe mutanen da ke durƙushe kan tsohuwa. Nan aka ɓarke da salati. Wallahi ko yanzu na tuna sai in ji sanyi a raina. Direban bas ya gangaro yana ɗingishi, ya buga waya aka turo jami'an kiyaye haɗurra, suka kwance kujerar suka zaro tsohuwa a hankali. Karaya ce kawai, ta kuma warke. Mai a-kori-kura, da ɗazu bakinsa ke kumfa, shi ya ɗebo ruwa ya wanke masa goshi.

To ka ji. Ran da ƙaddara ta same ka, kashe inji, hana a ja mai rauni, kai alamarka can nesa inda mai zuwa zai gan ta da sauran fili, ka kira masu taimako. Wa ya ci hannun wa, wannan maganar za ta jira ku. In an kira ka matsoraci a lokacin, bari su kira. Hausawa suka ce, ja da baya ga rago ba tsoro ba ne.